Yaƙin da Ido Ba Ya Gani

Karatunmu na yau: Daniyel sura 10, da Afisawa 6:10-18

Ina gaishe ku, ku da kuke cikin garin Mubi, da ku na Maiha da Hong da Michika da Madagali, da na ƙauyukan kan duwatsu har bakin iyakar Kamaru. Ko da wane harshe kuke addu'a a gida, ko Fali ko Gude, ko Kamwe ko Margi, ko Kilba ko Njanyi, Allah yana ji. Ku matso kusa da rediyo, ku kira yara su zauna, wanda yake da Littafi Mai Tsarki kuma ya buɗe littafin Annabi Daniyel.

Akwai tambayar da masu bi suke yi a ƙasarmu, wasu a fili, wasu a zuci. Me ya sa yaƙi ba ya ƙarewa a duniya? Wannan ya kwanta, wancan ya tashi. Mutane ne kaɗai suke shirya waɗannan abubuwa, ko kuwa akwai wani hannu a baya wanda ba mu gani? In kuwa akwai, ina Allah yake, kuma me ya kamata mai bi ya yi? Wannan tambaya za mu kai gaban Maganar Allah a yau.

Abin da idonmu ya gani

Mutumin Mubi ba ya bukatar a ba shi labarin yaƙi. A daren 1 ga Oktoba 2012 'yan bindiga suka shiga unguwar Wuro Patuji inda ɗalibai suke haya, suka kashe aƙalla mutum 25. A ranar 1 ga Yuni 2014 bam ya tashi a Kabang a wurin da masu kallon ƙwallo suka taru. A watan Afrilu na shekarar nan aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa ne. Madagali ta faɗi, Gulak ta faɗi, Michika ta faɗi. A ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, suka kuma mamaye hedkwatar EYN da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp a Kwarhi. Mutane suka watse. Wasu suka hau duwatsu suka ƙetare zuwa Kamaru, wasu suka kama hanyar Yola da ƙafa, da goyo a baya da tsofaffi a hannu. Aka ƙone majami'u, aka sāke wa garin suna. Wajen tsakiyar Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato garin, amma raunin bai warke a ranar ba.

In ka tambayi masana, za su ba ka dalilai, kuma dalilansu gaskiya ne. Za su ce talauci da rashin aikin yi. Za su ambaci rikicin Maiduguri na Yulin 2009 da kisan Mohammed Yusuf a hannun 'yan sanda. Za su ce bayan faɗuwar Gaddafi a Libiya a 2011 makamai sun bazu a ƙasashen Sahel. Za su ambaci cin hanci, da muguwar koyarwa, da sakacin masu mulki. Mai bi kada ya raina wannan bayani. Amma ka tambayi kanka: talauci ne kaɗai yake sa yaro ya ɗaura bam a jikinsa ya shiga cikin mutanen da ba su yi masa kome ba? Matalauta nawa ne a ƙasar nan waɗanda ko kazar wani ba su taɓa ɗauka ba? Akwai wata irin mugunta wadda ta fi ƙarfin lissafin mutum. In ka ga ganye yana kaɗawa, ka san akwai iska, ko da ba ka gan ta ba.

Allah ya ɗaga wa Daniyel labule

Sura 10 ta littafin Daniyel ta faru a shekara ta uku ta sarautar Sairus, Sarkin Farisa. Sairus ya ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu, ya kuma ba Yahudawa izini su koma Urushalima su sāke gina Haikali. Daniyel a lokacin tsoho ne, ya yi wajen shekara 70 a ƙasar bauta. Sai ya shiga makoki da addu'a har mako uku. Bai ci abinci mai daɗi ba, bai taɓa nama ko ruwan inabi ba, bai shafa mai ba. Masana da yawa suna ganin labarin da ya fito daga Urushalima ne ya dame shi, gama littafin Ezra sura 4 ya nuna mana maƙiya sun karya zuciyar masu ginin, har suka yi hayar mashawarta don su lalata shirin a wurin hukuma. Aikin ya tsaya har shekara ta biyu ta Sarki Dariyus.

Da ido, wannan siyasar fada ce kawai: ƙara, da kuɗi, da masu raɗa a kunnen sarki. Amma ga abin da ya faru. A rana ta 24 ga watan fari, Daniyel yana bakin Kogin Taigiris, sai ya ga wani manzo daga sama mai ɗaukaka ƙwarai. Mutanen da suke tare da shi ba su ga kome ba, duk da haka tsoro ya kama su, suka gudu suka ɓuya. Manzon ya faɗa wa Daniyel cewa tun ranar farko da ya ƙasƙantar da kansa aka ji addu'arsa. To, me ya jawo jinkiri? Ya ce wani mai iko da yake kan mulkin Farisa ne ya tare shi har kwana 21, sai da Mika'ilu, ɗaya daga cikin manyan mala'iku, ya kawo taimako. Ya ƙara da cewa zai koma ya ci gaba da wannan faɗa, bayan haka kuma mai ikon ƙasar Girka zai zo.

Wannan mai iko na Farisa ba Sairus ba ne. Mutum mai jiki ba ya iya tare mala'ika a hanya. Ruhu ne mai tawaye ga Allah, wanda yake aiki a bayan gadon sarautar. Kuma ka lura, an ambaci Girka wajen shekara 200 kafin Iskandari mai girma ya rushe mulkin Farisa a shekara ta 331 kafin Almasihu. Tun kafin sojoji su ɗaura ɗamara a ƙasa, an riga an san zancen a sama.

Sabon Alkawari bai janye wannan koyarwa ba. A Luka sura 4 Iblis ya nuna wa Yesu mulkokin duniya, ya yi masa tayinsu in zai yi masa sujada. A Bisharar Yahaya, Yesu da bakinsa ya kira shi mai mulkin duniyan nan har sau uku. A Wahayin Yahaya 16:14 an nuna ruhohin aljanu suna zuwa wurin sarakunan duniya don su tara su ga yaƙi. Manzo Bulus kuma a Afisawa 6:12 ya gaya wa masu bi cewa ainihin abokin kokawarsu ba ɗan adam ba ne, ya lissafta sarautai da ikoki da rundunan mugayen ruhohi waɗanda suke mulkin duhun zamani.

Yadda suke aiki

Waɗannan ikoki ba sa ɗaukar bindiga da hannunsu. Hannun mutum suke ara. A Yahaya 8:44 Yesu ya ba mu alamu biyu na Shaiɗan: kisa da ƙarya. Kullum ƙarya ce take shiga gaba, kisa ya biyo baya. Kafin mutum ya iya yanka ɗan'uwansa, sai an fara gaya masa cewa wancan ba mutum ba ne kamarsa, ko kuwa cewa Allah zai ji daɗin jininsa.

Ku tuna da Ruwanda a 1994. Ƙasa ce wadda yawancin mutanenta Kirista ne masu baftisma. Wani gidan rediyo ya yi ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, har kunnuwa suka saba. Cikin kwana kamar 100 aka kashe mutum wajen 800,000, da yawa a cikin majami'un da suka gudu don neman mafaka. Na kawo wannan misali domin kada wani ya ce ruhun kisa na wani addini ne ko na wata ƙabila. Duk inda aka buɗe masa ƙofa, yana shiga.

Ku tuna kuma da 1914. An harbe yariman Ostiriya a birnin Sarayebo a ranar 28 ga Yuni, girman kai da tsoro da haɗama suka kama sarakunan Turai, waɗanda kusan dukansu suna kiran sunan Almasihu, miliyoyin mutane suka mutu. Wutar ta iso har nan. Mubi tana hannun Jamus tun 1903, a 1914 Ingila ta karɓe ta. Aka yi yaƙi a Garwa, aka kewaye dutsen Mora har zuwa 1916. Bayan yaƙin aka raba Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, aka ja layi a tsakiyar dangi, shi ya sa har yau wasunku kuna da kawu da gwaggo a hayin iyaka. Sai a 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama, yankinmu ya zama Nijeriya. Kakanninmu ba su san Sarayebo ba, amma shawarar da aka yanke a can ta sāke musu masu mulki. In mutum yana iya shafar wani daga nesa haka, balle ikokin da suke raɗa wa sarakuna?

Amma Yakubu sura 4 ta hana mu tsayawa a nan. Da ya tambayi inda yaƙe-yaƙe suke fitowa, bai nuna sama ba, ya nuna zuciyarmu: sha'awa, da kishi, da son abin da ba namu ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Shaiɗan ƙadangare ne, tsagar kuwa zunubin mutum ce. Shugaban da ya cinye kuɗin makaman soja, da mai sayar wa 'yan ta'adda mai da abinci don riba, da mai wa'azin da yake hura ƙiyayya, kowa zai amsa a gaban Allah da sunansa. Ba wanda zai ce Shaiɗan ne ya sa ni, a sallame shi. Hawwa'u ta gwada wannan hujja a gonar Aidan, ba ta kuɓuta ba.

Kada mu bar jaki mu bugi taiki

Yanzu ina so in yi magana a kan abin da ya fi mana wuya. Sa'ad da mutane suka komo gida a ƙarshen 2014 da cikin 2015, wasu suka tarar an kwashe kayansu, an ƙone rumbu, an rushe majami'a. Zargi ya shiga tsakanin maƙwabta. Wa ya nuna gidana? Wa ya zauna a gari bai gudu ba, kuma don me? A Michika har kasuwa ta rabu biyu bayan komowar mutane, Kirista suna cin tasu ran Asabar, Musulmi ran Lahadi. Zafin nan gaskiya ne, kuma akwai waɗanda suka ci amana da gaske. Mai laifi a kai shi gaban shari'a.

Amma ka duba abin da ya biyo baya. A ranar 21 ga Nuwamba 2017, da asuba, ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga masallacin Madina a Unguwar Shuwa cikin Mubi, ya kashe mutum wajen 50 suna cikin salla. A ranar 1 ga Mayu 2018 aka sāke kai hari a wani masallaci da kasuwar da take kusa da shi, mutane da yawa suka mutu. Hannun da ya ƙone majami'a, shi ne ya zubar da jini a masallaci. Matar da ta rasa miji a Unguwar Shuwa, hawayenta iri ɗaya ne da na gwauruwar da take zaune kusa da ke a Zumuntar Mata.

Shi ya sa maganar Bulus take da nauyi a gare mu. Ya rubuta ta yana ɗaure da sarƙa, sojan Roma yana tsaronsa, duk da haka bai ce sojan nan ne maƙiyinsa ba. In ka ɗauki maƙwabcinka Musulmi, ko Bafulatanin da yake kiwo bayan gonarka, ko ɗan wata ƙabila, ka sa shi a matsayin Shaiɗan, ka bar jaki kana bugun taiki. Maƙiyi na ainihi kuwa yana gefe yana dariya, gama abin da yake nema ke nan. Ginin da aka ƙone ana sāke gina shi, kun gani da idonku. Amma in ƙiyayya ta zauna a zuciyar mai bi, ya koya wa 'ya'yansa, to, Shaiɗan ya sami abin da wuta ba ta ba shi ba. Duniya tana cewa rama cuta ga macuci ibada ne. Romawa sura 12 ta ce mu bar wa Allah ramako, mu rinjayi mugunta da nagarta.

Haka kuma a cikin gida. In yaro ya yi ciwo, ko gona ta ƙi, ko mutuwa ta yi yawa a dangi, wasu sukan nemi wata tsohuwa su ce mayya ce, su kore ta ko su doke ta, suna cewa yaƙin ruhaniya suke yi. Wannan zalunci ne, kuma aikin uban ƙarya ne. Yesu ya fitar da aljanu daga cikin mutane domin ya 'yantar da mutanen. Bai taɓa ɗaga hannu a kan wanda aljani ya kama ba.

Tsoro da laya

Tarko na biyu shi ne tsoro. Wani in ya ji akwai ikokin duhu, sai jikinsa ya mutu. Kukan mujiya ya hana shi barci, kowane mafarki ya zama saƙo. Daga nan sai ka ga saurayi mai baftisma ya tafi neman maganin bindiga, ya ɗaura guru a ƙugu da laya a damtse, ran Lahadi kuma ya sa riga a kai ya shiga ƙungiyar mawaƙa. Wani dattijo ya koma tsafin kakanni a ɓoye, yana cewa don tsaron gida ne. Ɗan'uwana, ba a neman tsari daga kura a cikin ramin kura. In ka roƙi duhu ya tsare ka daga duhu, ka riga ka miƙa wuya.

Mutanen Afisa da Bulus ya rubuta wa sun san wannan sarai. Birninsu ya shahara da sihiri. Ayyukan Manzanni sura 19 ta ce da suka ba da gaskiya, masu sihiri suka tattaro littattafansu suka ƙone a gaban jama'a, da aka yi lissafin kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Ba su ajiye ko ɗaya don ranar wahala ba. In akwai irin wannan abu a ƙarƙashin katifarka ko a bakin ƙofarka, ka kira fastonka da dattawan ikkilisiya, ku yi addu'a, a ƙone shi.

Akwai kuma waɗanda suke wuce gona da iri ta wata hanya. Suna cewa sun san sunan aljanin da yake mulkin kowane gari, suna zaginsa, suna ba shi umarni, har wasu suna karɓar kuɗi a kan haka. Ku duba Daniyel. Bai yi magana da mai ikon Farisa ba ko sau ɗaya. Bai ma san da faɗan ba sai da aka gaya masa. Da Allah ya yi magana. Wasiƙar Yahuza aya 9 ta nuna ko Mika'ilu bai zagi Iblis ba, ya bar wa Ubangiji tsautawa. Abin da Allah ya bayyana ya ishe mu, abin da ya ɓoye nasa ne.

An riga an ci nasara

Ga labari mai daɗi. Shaiɗan ba kishiyar Allah ba ne mai ƙarfi daidai da shi. Halitta ne, kuma yana da iyaka. A littafin Ayuba, sai da ya nemi izini kafin ya taɓa ko tunkiya ɗaya, Allah kuma ya ja masa layin da ba zai ƙetare ba. Mai ikon Farisa ya jinkirta manzon kwana 21, amma bai hana shi isowa ba. Maƙiya sun tsai da ginin Haikali shekaru, amma an gama shi a shekara ta shida ta Dariyus.

Babbar nasara kuwa a kan gicciye aka ci ta. A ranar nan, ikokin duhu sun haɗa kan shugabannin addini da gwamnan Roma da taron jama'a, suna tsammani sun gama da Ɗan Allah. A Getsamani Yesu ya ce wa Bitrus ya mai da takobinsa kube, ya kuma tuna masa cewa in ya roƙa, Uba zai aiko masa da rundunar mala'iku fiye da goma sha biyu. Bai roƙa ba. Ya ɗauki zunubinmu, ya yi addu'a domin masu kashe shi, ya mutu, a rana ta uku ya tashi. Kolosiyawa 2:15 ta ce ta haka ya ƙwace makaman sarautai da ikoki, ya kunyata su a bainar jama'a. Makaminsu mafi girma shi ne zunubin da yake kāshe mu a gaban Allah, da tsoron mutuwa. Yesu ya biya bashin, ya kuma fito daga kabari.

Macijin da aka fasa wa kai yakan yi ta bugun ƙasa da wutsiya har wani lokaci, wanda ya matsa kusa kuma zai ji jiki. Zamanin da muke ciki ke nan. Yesu bai ɓoye mana ba, a Matiyu 24 ya ce za a yi yaƙe-yaƙe da jita-jitarsu, ya ce kada mu firgita. Mulkin Farisa ya wuce, na Girka ya wuce, na Roma ya wuce. Waɗanda suka sāke wa Mubi suna ba su yi wata guda a cikinta ba. Bisharar da aka fara wa'azinta a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris 1923 ta cika shekara 100 a 2023, ikkilisiya kuma ta yi bikin da godiya, bayan dukan abin da ya same ta.

To, me za mu yi?

Bari mu koya daga Elisha, a 2 Sarakuna sura 6. Sarkin Suriya ya aiko da dawakai da karusai da dare suka kewaye garin Dotan don su kama annabin. Da baransa ya tashi da sassafe ya ga rundunar, sai ya rikice. Elisha ya ce masa kada ya ji tsoro, na wajensu sun fi yawa, ya kuma roƙi Allah ya buɗe idon yaron. Sai ya ga dutsen cike da dawakai da karusan wuta. Yawancinmu a nan muke tsayawa da labarin, amma ƙarshensa ya fi. Allah ya makantar da sojojin Suriya, Elisha ya jagorance su har cikin Samariya. Sarkin Isra'ila ya tambaya har sau biyu ko ya karkashe su. Elisha ya hana, ya ce a ba su abinci da ruwa. Aka yi musu babban biki, aka sallame su, 'yan harin nan kuma suka daina shigowa ƙasar. Mutumin da ya ga rundunar sama, shi ne ya iya ciyar da maƙiyinsa, gama tsoro ya riga ya fita daga zuciyarsa.

Mun ga irin wannan a jiharmu. A 2014 Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar St. Theresa a Yola ga dubban 'yan gudun hijira. A 2021 aka buɗe gidaje 86 da ya gina a Sangere-Marghi domin waɗanda ba su iya komawa gida ba, ya gina musu majami'a, ya kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci, ko da yake wasu sun yi masa gunaguni. Mun kuma ga Rabaran Lawan Andimi na EYN, shugaban CAN na Michika, wanda aka kama a farkon Janairun 2020. A hoton bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, ya yi magana a natse, ya nuna bai karai ba domin kome yana hannun Allah, ya roƙi iyalinsa su yi haƙuri. Aka kashe shi a ranar 20 ga watan. Sun ɗauki ransa, amma ba su sami musunsa ba, ba su kuma sami tsoronsa ba. Wahayin Yahaya 12:11 ta ce da jinin Ɗan Ragon da shaidar bakinsu ne masu bi suke cin nasara a kan mai ƙararsu.

Ka duba kayan yaƙin da Bulus ya lissafta a Afisawa 6: gaskiya, adalci, bisharar salama, bangaskiya, ceto, Maganar Allah, da addu'a a kowane lokaci. Ba ɗaya a cikinsu da ake saya a kasuwa, ba kuma wanda yake zubar da jini. Kowannensu kuwa ana sa shi a cikin zaman yau da kullum. In saƙo ya shigo wayarka cewa wata ƙabila tana shirin kai hari, ba ka san tushensa ba, ka ƙi tura shi gaba, ka sa ɗamarar gaskiya ke nan. In kana aikin gwamnati ko kana rabon kayan agaji, ka ƙi taɓa abin marayu, ka sa sulken adalci. In maƙwabcinka Musulmi ya yi rashi ka je gaisuwa, ka sa takalmin salama.

Wannan bai hana tsaro ba. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana. Ku tsare ƙofar majami'a, ku kai rahoton abin da kuka gani ga hukuma, ku yi wa sojoji da 'yan sanda addu'a, gama da yawa sun ba da ransu domin mu kwana a gida.

Ku iyaye, ku mai da gidanku wurin addu'a. Bulus a 1 Timoti sura 2 ya ce a yi roƙo domin sarakuna da dukan masu mulki don mu yi zaman lafiya, a lokacin kuwa Niro ne yake sarautar Roma. Saboda haka kowane dare, kafin yara su kwanta, ku ambaci shugaban ƙasa, da gwamna a Yola, da Sarkin Mubi, da hakimai da masu unguwa, ko kun zaɓe su ko ba ku zaɓe su ba. Ku roƙi Allah ya toshe kunnensu ga mugun mashawarci. Ku ambaci ƙasashen da kuka ji ana yaƙi a cikinsu. Ku yi addu'a har domin samarin da suke cikin daji, gama Shawulu mai tsananta wa ikkilisiya ne ya zama Bulus. Ku yi da harshenku na gida, yara su ji, su koya. In amsa ta yi jinkiri, ku tuna da tsoho Daniyel a rana ta ashirin: bai ga kome ba tukuna, alhali an ji shi tun ranar farko.

Kai kuma mai sauraro da ba ka ba da ranka ga Yesu ba tukuna, babu wanda yake tsaye a tsakiya a wannan yaƙi. Kolosiyawa 1:13 ta ce Allah yana fisshe mu daga mulkin duhu ya kai mu mulkin Ɗansa. Ka tuba, ka gaskata da shi yau, ka nemi ikkilisiya kusa da kai inda ake koyar da Maganar Allah.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, kai ne Maɗaukaki bisa dukan mulkoki, waɗanda muke gani da waɗanda ba mu gani. Mun gode maka domin nasarar Ɗanka a kan gicciye. Ka buɗe idanunmu kamar na baran Elisha. Ka cire tsoro da ƙiyayya daga zukatanmu. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu na Mubi da kewaye, Kirista da Musulmi. Ka komo da waɗanda har yanzu suke hannun masu garkuwa. Ka ba shugabanninmu hikima da tsoronka, ka rushe shawarar Mugun a kan ƙasarmu da dukan al'ummai. Ka riƙe mu da aminci har ranar da Yesu zai komo. A cikin sunansa muka roƙa. Amin.

Sai mun sāke saduwa a shiri na gaba, in Ubangiji ya yarda. Alherinsa ya kasance tare da ku da iyalanku duka.